TALLAFIN ANNOBA DA ƊAN KASUWAR DA BA SHI A RUBUCE

Jawabin da aka karanta a taron 'yan kasuwa da masu sana'a 'yan Arewa mazauna Ikko



Maganar da aka taru a kanta yau ita ce ta taimakon da Gwamnatin Tarayya ta shirya wa ƙananan 'yan kasuwa a lokacin annobar korona ta shekarar 2020, da dalilin da ya sa ɗimbin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu suka ji labarinsa a rediyo kawai, ba su gan shi a hannu ba. Shekaru sun shuɗe, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Mayun 2023 cewa cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Amma ramin da ɗan kasuwa ya faɗa a waccan shekara yana nan a buɗe, ba a cike shi ba.

A ran 27 ga Fabrairu, 1920 ba ce ba, 2020 ce, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Ikko. Bayan wata ɗaya, ran Lahadi 29 ga Maris da dare, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce daga ƙarfe 11 na daren Litinin za a kulle Ikko da Ogun da Abuja na mako biyu. Watau wuni ɗaya tak aka ba mutumin Ikko ya shirya. Mako biyun nan ya yi ta ƙaruwa har ya zama mako biyar, ba a sassauta ba sai ran 4 ga Mayu, sa'an nan ma da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Azumin watan Ramalana kuwa ya kama ran 24 ga Afrilu, jama'a na kulle a ɗaka.

Ma'aikacin gwamnati ya zauna a gida, albashinsa ya iske shi. Mai babban kanti ya rufe ƙofa, ya ci daga abin da ya ajiye. To, amma a dubi mai shayin Obalende, wanda cinikinsa ke hannun direbobi da masu gadi da ma'aikatan ofis. A dubi mai gyaran takalmi da mai yankan farce, waɗanda shagonsu ƙafarsu ce. A dubi ɗan dako da mai tura baro da mai tsire. Irin waɗannan mutane aljihu ɗaya gare su. Daga cikinsa ake saro kaya, daga cikinsa ake cin abinci, daga cikinsa ake aika wa iyaye da iyali a gida. Ranar da ba a fita ba, jari ake ci. Wanda jarinsa bai wuce katon ɗin madara da buhun sukari da 'yan kiret na ƙwai ba, kwana nawa zai yi yana ci kafin ya ga gindin tukunya? 'Yan acaɓa ma dai tun kafin annobar suke cikin wahala, domin tun ran 1 ga Fabrairun wannan shekara gwamnatin Jihar Ikko ta hana su aiki a Ikeja da Apapa da Surulere da sauran tsakiyar birni.

Akwai wata asara da ba a cika ambata ba, ita ce ta ɗan ci-rani. Shi lissafinsa na shekara a tsare yake: ya sauko Kudu bayan girbi, ya tara abin da Allah ya hore, ya koma gida kafin ruwan shuka da kuɗin iri da na taki. Dokar hana tafiya tsakanin jihohi ta tsare shi daidai lokacin komawar, ba a ɗage ta ba sai ran 1 ga Yuli. Kuɗin takin ya tafi a garin kwaki da biredi. Waɗansu samari suka riƙa ɓuya cikin manyan motocin kaya, ana kama su a iyakokin jihohi ana mai da su inda suka fito, ana nuna su kamar masu laifi. Saboda haka kullen da aka yi a Ikko ya rage dawa da gero a gonakin Zamfara da Katsina da Jigawa, ko da yake ba wanda ya auna wannan a ofis.

'Yan gwari da fataken shanu, su doka ta yarda musu su yi zirga-zirga, tun da abinci suke ɗaukowa. Wannan kuwa hankali ne, ya cancanci yabo. Sai dai motar tumatir da ta yi ta tsayawa a shinge bayan shinge, in ta iso Mile 12 ta tarar an ƙayyade wa kasuwannin abinci ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, shi ma ba kullum ba. Tumatir bai san doka ba. Kwandon da ya kwana biyu a ƙasa, sai juji.

Gaskiya ce dole a faɗe ta, gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A watan Maris Babban Bankin Nijeriya ya ware Naira miliyan dubu 50, watau biliyan 50, don ba magidanta da ƙananan kamfanoni rance ta hannun bankin NIRSAL: magidanci har Naira miliyan 3, kamfani har miliyan 25, a kan ruwan kashi 5 cikin ɗari da farko. Daga baya aka yi ta ƙara kuɗin asusun. An ɗaga wa masu bashin TraderMoni da MarketMoni da FarmerMoni ƙafa na wata uku. An ba da umarnin fito da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. An raba Naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta ta ƙasa, Shugaban Ƙasa kuma ya ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. A watan Yuni Majalisar Zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya tsara. Daga cikinsa aka fitar da biliyan 75 don ƙananan sana'o'i, shirin da aka fi sani da Survival Fund, aka buɗe karɓar sunaye a watan Satumba.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin kowane kashi na wannan tallafi yana da ƙofa, kowace ƙofa kuma da irin mabuɗinta. Kashin biyan albashin ma'aikata, Naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har wata uku, sai kamfanin da ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, yana da ma'aikata aƙalla uku, mai shi kuma yana da lambar BVN. Rancen NIRSAL sai a shafin intanet ake cika takardarsa, da Turanci, da lambar BVN. Kyautar Naira 30,000 ta masu sana'ar hannu da direbobi, wadda ita ce ta fi kusa da talaka, an bi da ita ta hannun ƙungiyoyin sana'a, aka kuma ƙayyade ta ga mutum 333,000 a ƙasa baki ɗaya. In aka raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace za ta tashi da kimanin mutum 9,000. Alhali binciken hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga na 2017 ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Nijeriya, kusan dukansu kuwa na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. Ko ɗaya cikin ɗari ke nan kyautar ba ta kai ba.

To, ina mutumin Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ya tsaya a wannan layi? Ƙungiyar EFInA ta yi bincike a 2020, ta gano kashi 68 cikin ɗari na manyan mutane a Arewa maso Yamma ba su hulɗa da banki ko wata kafar kuɗi, alhali a Kudu maso Yamma kashi 17 ne. Yaron da ya baro Sakkwato ko Kebbi da wannan hali ya zo, bai kuwa canza shi don ya sauka Ikko ba. Kuɗinsa na wurin maigidansa ko wurin mai kanti ɗan garinsu, saƙonsa na bin direban mota. Amana ce mai kyau, ta riƙe fatauci tun zamanin da ake kai goro daga Gwanja a kan jakuna, amma kwamfutar gwamnati ba ta karanta ta.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne maganar jiha. Tallafi ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi da shugabannin unguwa yake bi. A jihar da mutum yake zaune, ana yi masa kallon baƙo, a ce ya je jiharsu ya karɓa. A jiharsu kuwa ranar rubuta suna ba ya nan, yana Fatakwal ko Anaca ko Shagamu. Ga shi yana biyan kuɗin tikiti a kasuwa kullum safiya, ga shi sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba shi 'yancin zama duk inda ya so, sashe na 15 kuma ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar masa da cikakken haƙƙin mazauni a ko'ina cikin tarayya. Rajistar matalauta ma ta fi ƙarfi a karkara. Sai a Janairun 2021 aka ƙaddamar da wata rajista ta gaggawa don talakan birni, wata takwas bayan an buɗe gari. Kada kuma a ɗauka ɗan Arewa kaɗai aka bari a baya. Bayarabiya mai tallar kifi da Inyamuri mai facin taya da ba su a rubuce, hannu wofi suka tashi su ma. Lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Ikko da Jos da Ilori a watan Oktoban 2020, ba a tambayi kowa ƙabilarsa a bakin ƙofa ba.

Sai kuma batun ruwa. Akwai 'yan kasuwa da dama masu asusu, masu rajista, da suka ƙi neman rancen saboda gudun riba. Babban Banki ya fito da ƙa'idojin rance marar ruwa a watan Yulin 2020, amma a lokacin kulle ya riga ya cinye abin da zai ci. A ɗaya gefen, waɗansu da suka karɓa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa. Daga baya suka wayi gari an cire kuɗi daga asusunsu, domin tun watan Agustan 2020 aka ba bankuna ikon bin bashi a duk asusun da ke haɗe da BVN ɗin mai bashi. Kyauta daban, rance daban, kuma haƙƙin shugabanni ne su bayyana wa mabiyansu bambancin kafin a sa hannu.

Wani ɓangare na laifin kuwa a gida yake. An ba da damar yi wa sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta a ƙarƙashin wannan shiri. Nawa ne daga masu shaguna a zango suka nema? Akwai ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji da sakatare, masu karɓar kuɗin mako ba fashi, amma in aka ce su kawo sunayen 'ya'yansu da lambobin wayarsu, sai a shiga kallon juna. Tsoron haraji ne ke hana waɗansu rajista, alhali Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga duk kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai Naira miliyan 25 ba.

Abin da ya wajaba jam'iyya ta riƙe a majalisa da wajenta a bayyane yake. Duk tallafin gaggawa a raba shi bisa inda mutum yake zaune yana sana'a, a daina tambayarsa takardar asalin jiha. In za a kulle gari, abinci da kuɗin hannu su riga dokar isa unguwa. Wata shida aka yi tsakanin kullen Maris da buɗe Survival Fund, mai shayi kuwa ba ya da jarin mako biyu. Hanyar rance marar ruwa ta buɗe rana ɗaya da ɗaya hanyar. Sanarwa ta fita da Hausa a rediyo da masallatan Juma'a na Kudu, a kuma sa wakilan kasuwanni cikin kwamitocin rabo.

Nauyin da ke kan wannan taro shi ne littafi. Kowace ƙungiya, ta mahauta ce ko ta 'yan gwari ko ta masu shayi, ta yi rajista da hukuma, ta buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowane ɗanta, da sana'arsa, da inda yake zama, da lambar wayarsa, ta riƙa sabunta shi bayan kowace damina idan 'yan ci-rani sun dawo. Wanda ba shi da lambar NIN da BVN a raka shi ya yi. Mazaunin Jihar Ikko ya karɓi katin LASRRA, wanda ake ba kowane mazauni ko daga ina ya fito, kuma shi asusun LSETF na jihar ke tambaya kafin ya ba da rance. Samarin da suka yi boko, reshen jam'iyya na kowace unguwa ya ware musu rana ɗaya a mako su zauna a ƙofar fadar Sarkin Hausawa, su cika wa iyayensu takardu ba tare da karɓar ko kwabo ba. Sakatarorin ƙungiyoyi su tsaya bayan addu'a, domin a tsai da ranar da kowa zai kawo littafinsa.