Shamuwa Da Ɗan Cin Rani: Laccar Da Aka Yi Wa 'Yan Jam'iyya A Maska

Maganarmu ta yau a kan ƙaura ce, watau abin da ke raba tsuntsu da sheƙarsa, da abin da ke raba mutum da garinsu. Masu mulki sukan ce wai ɗan cin rani yawon banza yake yi. To, akwai malaman jami'a da suka yi shekaru suna bin diddigin wannan magana, bari ku ji abin da suka gano.

Mu fara da tsuntsu. A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, har waɗansu na cewa cikin laka suke ɓuya. Sai a 1822 aka harbo wani babban tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, a ƙasar Jamus, ga mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Daga baya aka shiga sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, yanzu kuwa har na'ura ake ɗaura musu. Da aka ɗaura wa shamuwar Nijar, sai aka ga in damina ta ɗauke takan tafi har Tanzaniya. Ruwa take bi, don inda ruwa ya sauka nan fara take, kuma fara ce tuwonta. Ashe ko tsuntsu ba ya tashi a banza.

To, mutum fa? Da ranin 1952 zuwa 1953 aka tsaya bisa hanyoyi da mashigai ana ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato, aka sami fiye da mutum dubu 250. Wani Bature, Mansell Prothero, shi ya nazarci lissafin. Galibinsu a ƙafa suke, waɗansu sun nufi ƙasar Yarbawa, waɗansu Gwalkwas, watau Gana ta yau. Kuɗin haraji da na tufafi suke nema, kuma in baki ɗaya ya ragu a gida, hatsin rumbu ya ƙara kwana.

A 1967 wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. Ta ga matalaucin manomi yakan sayar da hatsinsa da kaka a kan araha, ya dawo ya saye shi da tsada da damina, ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani. Nan kusa da mu kuwa, Paul Clough ya fara bincike a Marmara ta ƙasar Malumfashi a 1977, ya tarar manyan manoma suna dogara ga 'yan ƙwadago, cikinsu har da baƙi daga arewa. Kun ga ƙasarmu ta auduga da dawa da masara, ita ce inda mai jin yunwa ke nufa.

Ga inda tsuntsu da mutum suka rabu. Shamuwa lokacin Allah ne ke tashinta, ba wanda ya isa ya sāke shi. Talaka kuwa, ban da fari, haraji da bashi da faɗuwar farashi su ke tashinsa, waɗannan kuwa hannun mutum ne ya ƙulla su. Abin da hannu ya ƙulla, hannu na iya kwancewa. Ku tuna an ce haraji ba ya kawuwa, amma a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, sama ba ta faɗo ba.

Abin takaici, a shekarun nan mun ga ƙaurar da ta fi cin rani muni. Ɗan cin rani da ruwan fari yake komawa gonarsa. Amma mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da 'yan bindiga suka koro zuwa Funtuwa, musamman daga 2019, gona suka bari da shuka a ciki. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, in manomi ya gudu, tiya ce ke tashi, ciniki kuma ya mutu.

Saboda haka abu uku muke nema. A tsare rai da gona. A kai ruwan madatsun Mairuwa da Gwaigwaye ga ƙaramin manomi, ya sami aikin rani a gida. A ba shi rance ba ruwa da kaka, kada dole ta sa ya zubar da hatsinsa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi waɗannan uku a gaban jama'a, ku riƙe amsarsa.

Baƙon da ya sauka gare ku kuma, kada ku ƙara masa kuɗin awo, gama ba don marmari ya bar gidansa ba. Allah ya ba talaka sawaba.