Muryar Ƙirji da Muryar Ka a Waƙar Matan Opera



Mas'alar da zan ɗan yi bayani a kanta yau ta daɗe tana jawo saɓani tsakanin malaman waƙa na ƙasashen Turai, musamman masu koyar da matan da ke rera opera, watau wasan kwaikwayon nan da aka fara a Italiya wanda ake yinsa da waƙa, inda mace ɗaya za ta tsaya gaban makaɗa masu yawa, babu lasifika, ta kuma isar da muryarta har ga na ƙarshen zaure. Tun a littafin malamin waƙa Tosi na 1723 malamai suka ambaci murya biyu, ta ƙirji da ta ka. Kowa ya san su ko bai san sunansu ba, gama da ta ƙirji yawancin mata suke zance, da ta ka kuwa ake rangaɗa guɗa.

Haƙiƙanin al'amari, dukansu biyu daga maƙogwaro suke fita, kuma wanda ya fara ganin haka da idonsa a cikin mai rai yana waƙa shi ne Manuwel Garsiya, malamin waƙa ɗan asalin Sifen, wanda a shekarar 1854 ya ɗauki ɗan madubin likitan haƙori ya kai shi can wajen belinsa, ya riƙe wani madubin a hannu yana jefa hasken rana ciki, har ya hangi tantanin murya guda biyu suna buɗewa suna rufewa. A 1855 kuma ya gabatar da abin da ya gani ga majalisar masana ta Landan. Idan mace tana cikin muryar ƙirji, tantanin gajere ne mai kauri, yana karkarwa da dukan jikinsa, shi ya sa sautin yake da nauyi da kwarjini. Idan ta hau sama, sai wata tsoka ta ja shi ya miƙe ya sirance, kamar tsirkiyar garaya da aka ɗame, gefensa kaɗai ke rawa.

Wahalar duka tana mahaɗar muryoyin biyu da Italiyawa ke kira fasajo, inda tantanin ke kaɗawa wajen sau 330 zuwa 350 a daƙiƙa. A nan ne muryar ɗalibar da ba ta ƙware ba takan karye, a ji ta kamar mutum biyu ne suke karɓa-karɓa, kuma a nan ne malami yakan zaunar da ita shekaru tana hawa tana sauka da wasali guda, a hankali, har a daina jin ɗinkin. Matilda Markesi, almajirar Garsiya, wadda ta koyar da mawaƙiya Neli Melba, ta yi hani mai tsanani a kan tura muryar ƙirji sama da wannan iyaka, kuma hujjarta ingantacciya ce, domin wadda ta dinga yi wa tantaninta dole haka, gajiya da dushewa suna jiranta. Garsiya kansa, sa'ad da mawaƙiya Jeni Lind ta Suwidin ta zo masa Faris a 1841 muryarta ta lalace don yawan aiki, bai fara da komi ba sai umartarta da yin shiru na makonni.

Amma wasu malaman da suka biyo baya sun wuce gona da iri, suka mai da hanin ƙetare iyaka ya zama haramta muryar ƙirjin baki ɗaya, wai ba ta dace da mace ba. Wannan ra'ayi ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ku saurari faifan mawaƙiyar opera Mariya Kalas, wadda ta rasu a 1977, ku ji yadda takan sauko ƙasa da cikakken ƙirji a wurin fushi ko baƙin ciki har tsigar jiki ta tashi. Mozat mai tsara opera kuwa, wanda a 1791 ya kai mai fitowa a matsayin Sarauniyar Dare sautin da ke kaɗawa kusan sau 1,400 a daƙiƙa, shi ne dai a 1790 ya rubuta wa mai fitowa a matsayin Fiyordiliji waƙar da ke faɗowa daga ƙololuwa zuwa ƙasa a taki ɗaya. Mawaƙiyar da aka hana wa muryar ƙirji, in ta iso waɗannan wurare, sai kiɗa ya binne ta, na bayan zaure su ga baki yana motsi ba su ji kalma ba.