Gudan Jini da Sa'o'in da Ba a Wasa da Su

An ce in yi magana a kan jini, yadda yake daskarewa da yadda yake narkewa, da abin da ya wajaba a kanmu idan ɗaya daga cikin biyun nan ya wuce kima.

Kowa ya san in wuƙa ta yanke shi, jini kan zuba na ɗan lokaci sannan ya tsaya. Abin da ke tsayar da shi wasu zarurruka ne da ake kira fibirin, waɗanda ke saƙa raga a bakin ciwon su kama ƙwayoyin jini, sai a sami guda. To, faci ke nan. Amma facin da ya daɗe a cikin jijiya toshe hanya zai yi, kamar yadda shara ke toshe kwata da damina. Saboda haka Allah cikin hikimarsa Ya tanadi mai kwashe shi. Hanta na yin wani sinadari mai suna filasminojin, yana yawo cikin jini kamar mai barci. Idan guda ya samu, bangon jijiya kan saki wani sinadarin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da tPA, shi ke tayar da mai barcin ya zama filasmin. Filasmin kuwa almakashi ne, aikinsa yayyanka ragar nan har guda ya narke.

Lafiya ita ce a sami daidaito tsakanin mai saƙa da mai yanka. In saƙa ta yi yawa, guda ya toshe jijiyar zuciya, a sami ciwon zuciya na farat ɗaya. In ta ƙwaƙwalwa ya toshe, a sami shanyewar ɓarin jiki. In kuma yankan ne ya yi yawa, jini ya ƙi tsayawa, kamar yadda yakan faru ga wasu mata bayan haihuwa.

Mu fara da shanyewar ɓarin jiki. Masana sun koyi sarrafa wannan tPA ya zama allura. A Amurka an amince da ita don ciwon zuciya a 1987, don shanyewar jiki kuma a 1996. Da farko sharaɗin shi ne a yi ta cikin awa 3 da farawar ciwon, daga baya binciken da aka buga a 2008 ya nuna tana amfani har zuwa awa 4 da rabi. Kafin a yi ta dole a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ke kawo ta, musamman ga masu hawan jini. In aka yi wa irin wannan allurar narka jini, an ƙara masa ciwo ne. Shi ya sa ma kada wani ya ba maras lafiya asfirin a gida don ya ji an ce tana tsinka jini.

Allurar tana da tsada, ba kuma kowane asibiti ke da ita ba. Duk da haka saurin zuwa yana da riba, domin za a gane irin ciwon, a kula da hawan jinin da sukarinsa da numfashinsa. Alamomin kuwa a bayyane suke: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe. A nan ne muke yin sakaci. Sai a ce shafar iska ce, a kawo turare, a jira babban wa ya dawo daga kasuwa, a jira gari ya waye. Jama'a, addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, yana iya shaƙewa. A nufi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato.

Sai ɓangare na biyu, iyaye mata ku saurara da kyau. Akwai magani mai suna taraneksamik, wanda wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka samar a 1962. Aikinsa riƙe almakashin nan don kada guda ya narke da wuri. An gwada shi a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa a ƙasashe 21, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a 2017. An ga cewa in an yi allurar cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa 3 kuwa ba a ga wannan amfanin ba. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi. Ba shi da tsada, amma ta jijiya ake yin sa, a hannun ma'aikacin lafiya. Macen da ta haihu a ɗaki, jini na jiƙa zane bayan zane ana cewa jinin biƙi ne, ana cinye mata sa'o'in nan ne.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Kowane layi ya san mai motar da za a buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne. Magidanta su ba da izini tun kafin ranar, cewa in abu ya taso a tafi da iyali asibiti ko ba sa gida. Sannan duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna hawan jininsa, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina don ya ji sauƙi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya zaunar mana da garinmu lafiya.