Kubar ƙofar baya: a kwance igiya, a ɗaura sabuwa

Maganarmu ta yau a kan ƙofar bayan tsohuwar mota ce, wadda kubarta ta mutu aka ɗaure ta da igiya ko tsinken waya aka ce ai tana tafiya.

Wanda ya san Sabha ya san har yau ana cin karo da tsofaffin motoci masu dogon baya suna jigila tsakanin kasuwa da unguwanni irin su Gurda da Mahdiya. A cikinsu akwai Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. Faransa ta fito da ita a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, daga nan ta cika hanyoyinmu. Akwai kuma Toyota Land Cruiser samfurin 60, wadda ta fito a 1980. Injinsu na da jimiri, amma kubar baya ta sha rairayi shekara da shekaru, dole wata rana ta gaza.

To, mece ce illar igiya? Ta farko ita ce hayaƙi. In mota tana gudu, iskar bayanta juyowa take yi, sai ta kwaso hayaƙin salansa ta turo shi ciki ta duk kafar da ta samu. A cikin hayaƙin nan akwai guba marar wari marar launi, mai kawo ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, in ta yi yawa ta kashe. Su wa ke zama can baya? Yara, da tsofaffi, da ɗan akuyan da za ka kai kasuwa. Ta biyu, gargadar hanya. Daga Sabha ka nufi Gatrun, ka wuce Tumo, Madama, Sigidin, Dirku har Agadas, girgiza kaɗai ta isa ta sassauta ƙulli, buhun dabino ya faɗi ba ka sani ba. Ta uku, wurin bincike: in kuba ta cije ta ƙi buɗuwa gaban 'yan duwan, kana ji kana gani za a ɓalle maka ƙofa.

Kafin ka kashe kuɗi, ka san kuba kashi uku ce: gidan da ɗan makulli ke shiga, da harshen da ke jikin ƙofa, da ƙarfen da ke jikin mota wanda harshen ke kamawa. Sau da yawa kubar lafiyarta lau, ƙarfen ne ya goce, ko robar ƙofa ta cinye, ko maratayan ƙofar sun saki. Ga yadda za ka gane: ɗaga ƙofa, ka tura sukundireba cikin bakin harshen kamar shi ne ƙarfen. In ya kama, ka danna ya saki, to kuba ba ta da laifi, saiti kawai take so. In bai kama ba, sai canji.

In za ka saya, ciro tsohuwar ka tafi da ita a hannu. Kada ka dogara da sunan mota, don samfuri ɗaya kan zo da kuba iri-iri. Jera su gefe da gefe, ka dubi ramukan noti da tsawon sandar da ke haɗa gidan makulli da harshe. Tsohuwar asali da aka ciro daga mataccen mota takan fi sabuwar da ƙarfenta ya yi laushi. Araha ba ta ado. In kana son makullinka na dā ya ci gaba da aiki, mai gyaran makulli na iya kwashe 'yan ƙarafan cikin tsohon gidan ya mayar cikin sabon, muddin irinsu ɗaya.

Ranar aiki ka nemi inuwa, inda ba iska, kada gibli ya cika maka sabuwar kuba da yashi tun ba ta fara aiki ba. Tokare ƙofar da sanda mai ƙarfi, don abin da ke riƙe ta a sama ya tsufa, in ta faɗo a ƙeya ba wasa. Kwantar da kujerar baya yadda za ka iya isa ga kubar ta ciki. Cire marufin cikin ƙofa a hankali, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Zagaye ƙarfen jikin mota da alli ko fensir don ka san inda yake. Notin da ya yi tsatsa, ɗiga masa kananzir ka ba shi lokaci, kada ka yi masa ƙarfi ya karye a ciki.

Ɗaura sabuwar, ka mayar da sandar yadda take a hoto, amma kar ka ɗaure notuna tamau tukuna. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: kada ka rufe ƙofa sai ka gwada. Ƙofa a buɗe, sa sukundireba harshe ya kama, kulle da makulli, buɗe, danna ya saki. Yi haka sau biyar ko shida. Wanda ya yi gaggawar bugo ƙofa, sandar ba ta zauna daidai ba, shi ke kwana yana rarrafe cikin but.

Daga nan sai saiti. Sauke ƙofar sannu. In sai ka buga take kamawa, sassauta ƙarfen jikin mota ka matsar da shi kaɗan. In ta kama tana kaɗawa, mayar da shi ciki. Maƙale takarda tsakanin roba da ƙofa ka ja: in ta zare ba wuya, nan hayaƙi da ƙura za su bi, sai a sake robar.

Batun mai kuma, kada ka zuba baƙin man inji a ramin makulli. Mai da yashi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa, su cinye kubar. Kankare bakin fensir, ka shafa garin a jikin ɗan makulli, ka sa ka zare. Harshen kaɗai za ka shafa wa giris ɗan kaɗan, ka goge saura. In ka dawo daga doguwar tafiya, wanke shi da kananzir ka sake shafawa.

A ƙarshe, yanka makulli na biyu ka ba yaron mota ya rataya a wuya, don tsakanin Madama da Dirku babu mai yanka maka wani. Igiya kuwa a mayar da ita ga guga da dabaibayi, can ne aikinta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da dukiyarsa. Sai mun sake haɗuwa.