Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne

 

Yau za mu leƙa Amurka. Tambayarmu ita ce: shin ya dace a hana ma'aikata hirar siyasa a wurin aiki?

A birnin Chicago akwai wani kamfani mai yin manhajar kwamfuta, a lokacin ana ce masa Basecamp. Ma'aikatansa ba su kai 60 ba. A watan Afrilun 2021 shugabansa, Jason Fried, ya fitar da sanarwa cewa daga ranar ba sauran muhawarar siyasa ko ta zamantakewa a zauren da ma'aikata ke tattauna aiki. Hujjarsa ita ce irin wannan gardama tana ɗauke hankali, tana kuma ɓata zumunci. Wanda bai yarda ba, za a ba shi albashin wata uku zuwa shida ya kama gabansa. Cikin 'yan kwanaki kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan suka ajiye aiki, har da manya waɗanda suka daɗe a wurin.

To, za ku ce ai mutumin yana da gaskiya. Lallai akwai ƙamshinta. Mun san yadda gardamar siyasa ke raba wa da ƙani, balle abokan aiki. Wani kamfanin ma, Coinbase, ya kafa irin wannan doka a 2020, mutum kusan 60 suka tafi, aiki ya ci gaba.

Amma ku saurari mafarin rigimar Basecamp. Shekara da shekaru wasu ma'aikata suna tara sunayen abokan cinikinsu waɗanda suke ganin abin dariya ne, ciki har da sunayen mutanen Afirka da Asiya. Daga baya wasu suka ce wannan cin mutunci ne, a tsaya a duba. Magana ta yi zafi, sai ga dokar hana siyasa. Kun ga ke nan ba a kan zaɓe aka yi faɗan ba. Ƙorafi ne a kan abin da ke faruwa a cikin gida, aka sa masa sunan siyasa aka rufe bakinsa.

A nan darasin yake, 'yan uwa. Surutun da ba ya ƙara komai daban, koke daban. Shugaba na da ikon ya ce a bar musu a kama aiki. Amma idan na ƙasa da shi ya ce an zalunci wani, sai an saurare shi, in ba haka ba mutanen kirki ne ke fara ficewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ke uwargida mai 'yan aiki ko 'yan koyon ɗinki, idan yarinya ta kawo miki ƙara, kada ki ce mata fitinanniya tun ba ki ji ƙarshen zancen ba. Ke kuma mai ɗa ko miji a ofis, ki riƙa tuna masa ya san inda zai yi gardamar jam'iyya, amma kada tsoron a ce ya cika magana ya sa ya ga ɓarna ya yi shiru.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.