Gobara: A Raba Wuta da Kara

Jawabin da anka yi gaban taron ƙungiya a Tawa, bayan kaka



Iyayenmu dattawa, malamai, uwayenmu mata, da ku ƴan'uwa masu shirin tafiya biɗa, ina gaishe ku, ina muku ban gajiya. An ba ni maganar gobara, kuma yanzu ne lokacinta. Hatsi ya shiga rumbu, kara da harawa sun shigo gari, hunturu ya taso, komai ya bushe ƙayau. Daga nan har bazara, garwashi guda ya isa shi cinye unguwa. Kuma daidai wanga lokaci ne majiya ƙarfi ke kama hanyar Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, su bar gari ga tsofaffi da mata da yara.

Ku tuna abin da wuta ta yi wa manyan birane. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a watan Maris 1982. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, ta Sakkwato a 2021. A wannan shekara ta 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai ran 13 ga Afrilu, yara aƙalla 20 sunka rasu. Ran 8 ga Nuwamba haka ta faru a Maraɗi, yara aƙalla 25 sunka rasu. Duk waɗannan birane akwai motocin kashe gobara, amma wuta ta riga su. To, ina ga mu? Lambar sojan kashe gobara 18 ce, kowa shi riƙe ta. Sai dai kafin mota ta taso daga Tawa ta kai ƙauyukan Afala, Barmu, Takanamat ko Tebaram, ɗakin shibci ya zama toka. Gobarar ƙauye, tun ba ta tashi ba ake kashe ta. Maganin kuwa shi ne tazara tsakanin wuta da abincinta.

Na farko, kara da harawa. Muna tara su bisa rumfa, jikin darni, wani lokaci taki uku daga murhu. Uwargida ta aza tukunya ta tafi rijiya, iska ta ɗauki tartsatsi, shi ke nan. Ko a aiki yaro ɗebo wuta gidan maƙwabta a kan tsingaro, garwashi shi faɗi hanya. Ko a zubar da toka bakin darni alhali da sauran rai cikinta. A fitar da tarin kara bayan gari, wajen yamma ko kudu, tunda iskar hunturu daga gabas da arewa take busowa. A share hakin da ke gindin rumbu. A yi wa murhu ƴar katangar laka. A yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar. Malamai na nan, sun fi ni sani: hadisi ya hore mu da kashe wuta kafin kwana. Gawayi kuwa, ko ɗari ya kai ina, kada a rufe ɗaki da shi, don shina fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci.

Na biyu, ku ƴan biɗa, kayan da muke aikowa gida da kyakkyawar niyya su ma suna kawo wuta irin wadda kakanninmu ba su sani ba. Mun sayo moto, sai fetur ya koma kwana ƙarƙashin gado cikin kwalabe. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, shi tarad da fitila ko murhu daga nesa. Ran 6 ga Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane sunka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da 50 sunka rasu. A ajiye fetur waje, cikin inuwa, nesa da madafa, kuma kada a zuba wa moto ko janareta mai shina aiki.

Mun sayo tukunyar gas. Ta tsaya tsaye, inda iska ke shiga, a rufe ta da an gama girki. In an ji wari, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe ta, a buɗe ƙofa, a fitar da ita. Mai neman inda take yoyo shi shafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna mashi. Tiyon da ya tsage, a canja shi.

Mun sayo farantin sola da batir, sai a ba yaro shi haɗa da siririyar waya, a ɗaure da leda, a ratsa ta cikin zana. Siririyar waya in an ɗora mata kaya da yawa sai ta yi zafi ta narke. Mu da ke haya nan cikin Tawa, soket guda muna cusa mashi hita da firij da fanka. A nemi ma'aikaci wanda ya san aikinshi, ladarshi ba ta kai kuɗin gida ba.

Na uku, in ƙaddara ta faɗa. A yi kuwwa, a fara fitar da yara da tsofaffi, a fita a duƙe don hayaƙi sama yake bi. Wanda ya fita kada shi koma don kaya. Wutar fetur ko ta man suya ba a zuba mata ruwa, ƙara yaɗuwa take. Rairayi ko marfi shi ne maganinta. Ta lantarki, a yanke ta daga mita ko a cire batir tukuna. Wanda tufafinshi sunka kama kada shi yi gudu, shi kwanta shi yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙuna ruwa mai tsabta, mai sanyi, kamar minti 20, ba mai, ba ƙwai, ba tawada, sannan a kai shi likita.

Ga roƙona ga ƙungiya. Kowace unguwa ta aje tonon ruwa da tarin rairayi da bokiti. Dattawa su je wurin maigari a tsai da filin kara bayan gari. Kuɗin da za mu tara bana, a fara da azuzuwan zana na makarantarmu, a mai da su na laka. Kuma kada ɗan biɗa shi shiga mota sai ya zagaya gidanshi ya duba murhu, rumbu, waya da tiyo da idonshi.

Hausawa sun ce gobara daga kogi maganinta Allah. Tamu ba daga kogi take fitowa ba, daga murhunmu ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, shi tsare gidajenmu da rumbunanmu, shi kai matafiya lafiya, shi maido su da alheri. Wassalamu alaikum.