Sabon Lagireto, Iska a Ciki: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya Masu Motocin Haya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, shugaban ƙungiya da 'yan'uwa da suka taso daga Fatakwal, Anacha da Inugu, Allah Ya saka da alheri.

An ce mu ɗan yi magana kan zafin mota. Mu dai ba makanikai ba ne, fatake ne, amma mu ke biyan kuɗin gyara, kuma tumatirinmu ne ke ruɓewa idan mota ta kwana a hanya. Wanda ya ɗauko kaya daga Kano ko Zariya, ya ratso Makurɗi da Obollo-Afor lami lafiya, sannan ya ga tururi na tashi daga bonet a Ninth Mile, ya san abin da muke nufi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne motar da aka sa wa sabon lagireto jiya, yau ta ƙone gasket. Sai mai mota ya ɗauki fushi ya tafi Nkpor ko Ikoku ko Coal Camp, wai an sayar masa da jabu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa kayan lafiya lau suke, iska ce aka bari a ciki.

Ga yadda abin yake. In an cire tsohon lagireto, ruwa ya zube, iska ce ke maye gurbinsa a cikin tiyo da hanyoyin ruwa na inji. Da an zuba sabon ruwa sai ka ga ya cika har baki, alhali iskar nan na maƙale a sama, wajen kan inji. Iska kuwa ba ta ɗauke zafi kamar ruwa. Nan da ta tsaya, nan ƙarfe zai yi ta gasuwa. Mafi muni, in ta tsaya a bakin na'urar da ke auna zafi, allurar da direba ke kallo sai ta yi masa ƙarya.

Saboda haka, jama'a, kada wanda ya karɓi makulli sai an fitar da iska a gabansa. Sai inji ya huce sarai. A ajiye mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu. A zuba ruwa sannu a hankali, ba a kwarara ba, ana matsa babban tiyo na sama da hannu. Motar da ke da ɗan noti na fitar da iska, kamar Peugeot 406, a kwance shi har ruwa ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure. A tayar da inji, murfi a buɗe, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi. Mun sani a nan kudu ba mai kunna hita, amma ita ma hanyar ruwa ce, iska na ɓuya a cikinta. A jira. Idan tamostat ta buɗe, galibi tsakanin digiri 80 da 90, za a ga ruwa ya ja ƙasa, kumfa na tasowa. A ƙara. Sai fanka ta kama ta saki, kumfa ta ɗauke, sannan a rufe. Washegari da safe, kafin a tayar, a sake dubawa. Duk bai wuce rabin awa ba, amma yaran gareji gaggawa gare su, wata motar na jira.

Murfin nan kuma, don Allah a daina raina shi. Ruwa na tafasa a digiri 100, murfi mai kyau ne ke matse shi ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Har yau muna ganin masu toshe bakin lagireto da tsumma da leda! Wanda ya iya sayen lagireto ai bai gaza sayen murfi ba. Kuma kada a buɗe shi inji na da zafi. Akwai yaran mota a cikinmu da tabon ƙuna a fuska saboda haka.

Sai batun cire tamostat da makanikai suka mayar al'ada, wai ƙasarmu da zafi. Mu ba mu yarda da wannan ba. Wadda ta lalace a canza ta. Haka ruwan rijiya zalla, shi ke kawo tsatsa. A sa ruwan lagireto na galan. Na da, na tagulla, akan kai wa mai dalma ya liƙe. Na yanzu alminiyam ne da kan roba, in ya tsage canji kawai. Masu mota otomatik su tabbata an mayar da ƙananan bututun man giya guda 2 da ke shiga lagireto, an kuma duba man.

Muna roƙon shugabannin tasha a garuruwan nan 3 su karanta wa direbobi wannan, musamman masu fita da dare. Allah Ya kiyaye hanya.